Lambar Auta Ba Ta Kan Allo

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa, kuma a tsaye ya faɗe shi, yana ɗaura agogonsa a tsakar gida.

Ranar da 'yan ajin su Auta za su kammala ziyararsu a babban birnin ƙasa, shi ma yana can gidan ƙanwarsa Goggo, don likita zai sake duba idon da aka yi masa aiki. To yaron nan da ke neman Auta ya je ya same shi a can bayan la'asar. In ya je, a zauna a yi magana irin ta manya. In bai je ba, kada wanda ya ƙara kawo masa zancensa.

"Ba zan ɗaura miki kowa ba," in ji shi. "Ke ba yarinya ba ce, saura kaɗan a kira ki injiniya. Amma wannan, in ya sake saɓawa, ba da yawuna ba."

Auta ta ce to. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba. Kukan ta riga ta yi shi tun watannin baya har ya ƙare, ya bar mata zuciya kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Tana nan, amma ko an tsunkule ta ba a ji.

Baba ba shi da ƙorafi kan asalin yaron ko addininsa ko abin hannunsa. A tashar jirgin ƙasa ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma abin da ya fito da shi daga can shi ne kunne mai nauyi da ƙin mai saɓa lokaci. Shi kuwa yaron, tun shekarar farko a jami'a 'yan sashen injiniya suka laƙaba masa Na-Kowa, har sunansa na gaskiya ya ɓace. In fitilar ɗakin wani ta mutu, shi ne. In malami ya riƙe wa wani sakamako, shi ne ɗan rakiya.

Karon farko da Baba ya ba shi rana, abokin ɗakinsa ya yanke jiki ya faɗi, ya kwashe shi sai asibiti. Karo na gaba rikici ne ya tashi tsakanin ɗalibai da masu kantin makaranta, ya tsaya rabon faɗa. Duka biyun Baba ya sa kayansa masu kyau ya zauna har aka kira magariba.

Daga nan ya yanke hukunci. Ya ce yaron ba mugu ba ne, wannan kam ya yarda. Amma irinsu, matarsu za ta durƙusa haihuwa suna can suna gyara wa maƙwabta famfo.

Kuma a faɗi gaskiya, tsohon bai yi ƙarya ba. 'Yan mata da yawa suna ruɗuwa da saurayin da kowa ke yabo, ba sa tsayawa su tambayi kansu wa za a bari a gida lokacin da ake can ana yabon.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne darasin shugabanci. Wata malama ce ke koyar da shi, wadda ɗalibai ke kira Dakta. Kowace shekara takan zaɓi wasu daga cikin 'yan ajin ƙarshe ta kai su babban birni, su ga inda ake yanke shawara kan hanyoyi da gadoji da ruwan da jama'a ke sha. 'Yan aji su ke zaɓen shugaban tafiya, a ba shi farar hular kwano, saura su sa mai ruwan ɗorawa. Bana ba a ma tsaya jefa ƙuri'a ba. Kowa ya waiwaya ya kalli Na-Kowa.

Dakta ta koya musu cewa shugaba shi ne na ƙarshe a layin abinci, na ƙarshen shiga mota, na ƙarshen barin wurin aiki. Koyarwa ce mai kyau ga masu son kansu. Amma ga mutum irinsa, lasisi aka ba shi ya ci gaba da abin da ya saba.

Auta ta yi tafiyar nan kamar kayan da aka ɗora a mota. An kai su zauren majalisa sun zauna a benen baƙi, 'yan ajinsu suna ta leƙe suna raɗa. An kai su ma'aikatar ayyuka, wani mai tumbi ya yi musu jawabi kan riƙon amana. An kai su ofishin ƙungiyar injiniyoyi, aka raba musu biro. Tituna masu faɗi, gine-ginen gilashi, fitilu a jere kamar an auna da zare. Ta kalle su duka. In aka ce a tsaya a ɗauki hoto sai ta tsaya, in aka ce a yi murmushi sai ta buɗe haƙora.

Duk inda suka je kuma akwai Injiniya.

Ɗan wan mijin Goggo ne, yana aiki a hukumar ruwa ta birnin, kuma shi ya buɗe wa ajin ƙofofi da dama. Tun bara Goggo ke kiran Baba a waya tana yi masa tallarsa: yana da aiki, yana da gida, yana da natsuwa. Ba a taɓa jiran sa ba. Kullum kafin motar makaranta ta iso yana tsaye a bakin ƙofa da rigarsa a goge, ya gai da Dakta, ya tambayi Auta ko ta yi barci lafiya, ya ja da baya. Ba ya matsa mata. Mutum ne da ya san jira, domin yana ganin lokaci na gefensa.

Ranar ƙarshe da safe ta sami Na-Kowa a farfajiyar masauki yana loda katan-katan na ruwa a mota. Farar hular tana kansa tun kafin a bar gida.

Ta ce masa ta yi magana da Dakta. Dakta ta yarda ya miƙa hular ga wani tun yanzu, ya zauna a masauki ya yi wanka ya huta, in lokaci ya yi ya tafi gidan Goggo a tsanake.

Ya ajiye katan ɗin. Ya ce yau ce ranar da ta fi kowace haɗari, domin ramin ruwa za a shiga a ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai masu tsoro a cikinsu. Da zarar an fito zai cire hular ya ba duk wanda ke kusa.

"Haka ka ce wancan karon."

"Wancan daban, Auta."

"Kullum daban ne, Shugaba."

In ta kira shi Shugaba ya san babu lafiya. Ya matso, ya rage murya. Ya ce ta san babu abin da yake so a duniya kamarta, ta san tun ranar da suka kwana biyu suna gardama kan lissafin wata gada bai ƙara kallon kowa ba. Ya ce ko da rarrafe ne zai isa gaban Baba kafin inuwa ta juya. Yana magana idonsa ya cika, hawaye ya gangaro ya tsaya a igiyar hular da ke ƙarƙashin haɓarsa.

Ita ko ɗigo. Ta kalli hawayen kamar yadda ta kalli zauren majalisa.

"Ni ba fushi nake yi ba," ta ce. "Da ma fushin ne, da na ji daɗi. Na duba cikina ban sami komai ba. In ka zo, ka zo. In ba ka zo ba, ina jin ko zafi ba zan ji ba, kuma wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro. Ka gane? Kai ka..."

Wani ya leƙo ta tagar bene ya ce Shugaba, makullin ɗakinsu ya karye a cikin ƙofa.

Kafin ta rufe baki kansa ya riga ya juya. Ya juyo da sauri, ya ce ta yi haƙuri, ta ƙarasa. Ta ce ta gama. Ta shiga mota ta zauna a kujerar baya.

Wurin aikin yana bayan gari. Wani ƙaton rami ne aka haƙa a ƙarƙashin tudu, aka shafe shi da kankare, wanda zai riƙa kawo ruwa daga madatsa zuwa birni. Mota za ta iya tafiya a cikinsa. Da yammacin ranar ne za a saki ruwan gwaji karo na farko, shi ya sa ajin ya zama baƙi na ƙarshe da za su taka cikinsa da ƙafa.

Manajan wurin ya tare su a bakin rami, wani dattijo mai furfura da bai san dariya ba. Ya sa kowa ya jefa wayarsa a cikin akwati. Sannan ya nuna musu wani allon katako da aka jera wa ƙusoshi, kowace ƙusa da lambar tagulla rataye da igiya. Duk mai shiga zai ɗauki ɗaya, mai gadi ya rubuta lambar a jikin wayarsa, shi kuma ya rataya ta a wuya. In ya fito ya mayar da ita kan ƙusarta da hannunsa. Muddin akwai ƙusa ɗaya da babu lamba, to akwai mutum a ciki, kuma ba mai taɓa makunnin ruwa.

"Ba na karɓar 'na gan shi ya fita'," in ji manajan. "Ba na karɓar rantsuwa, ba na karɓar waya. Ƙarfe nake karɓa, daga hannun mai shi."

Wani ɗalibi mai surutu ya tambaya ko da minista ne. Manajan ya ce ko da uwar da ta haife shi ce. Aka yi dariya, ban da shi.

Auta ta ji wannan bayani da kunnenta. Ta ɗauki lambarta, ta zura igiyar a wuya, ta tura ta ƙarƙashin mayafi don kada ta riƙa lilo.

Cikin ramin akwai sanyi da warin siminti. Fitilu a jere a bango, muryoyi suna tafiya suna dawowa. Aka raba su rukuni-rukuni, ita tana na ƙarshe, Injiniya ne ke yi musu bayani kan kaurin bango da yadda ake haɗa gaɓoɓin kankare. Da aka juyo za a koma, sai ta riƙa ja da baya. Can gaba ta hango farar hula. Wani ɗalibi ne numfashinsa ya sarƙe don tsoron rufaffen wuri, Na-Kowa ya rataya hannunsa a kafaɗa yana tafiya da shi a hankali, yana ba shi labari don ya manta.

Ta tsaya tana kallonsu har suka ƙanƙance. Ta san yadda za ta kaya. Zai fitar da shi, ya nemo masa ruwa, ya zauna da shi, wataƙila ya raka shi asibiti.

Injiniya ya dawo ya tsaya a gefenta. Ya ce lokaci yana tafiya, kuma ta san Baba. Akwai matakalar ma'aikata nan kusa, tana ɓullewa daidai inda ya ajiye motarsa ta ƙofar baya. Gara ita ta riga isa, ko ba komai tsohon ya ga ɗaya daga cikinsu a kan lokaci.

Ta ce wayarta tana akwati.

Ya ce wannan ba komai, zai kira bakin ƙofa ya gaya musu, ƙawarta ta taho mata da ita.

Ta bi shi. Ba ta gaya wa Dakta ba, ba ta gaya wa ƙawarta ba. Ta hau matakalar ƙarfe ta fito cikin rana, ta shiga motarsa, ta cire hular ta jefa a kujerar baya, ta jingina kai da gilashi.

Nan ne laifinta, kuma ba za a rufa mata ba. Ɗalibar injiniya ce, ba baƙuwar kasuwa ba. Wanda ya bar zuciyarsa ta mutu yana ganin kansa kaɗai ya cuta, ya manta mutum ba ya tafiya shi kaɗai a duniya.

Shi kuwa Injiniya, shekararsa nawa yana shiga ramin nan. Ko mantawa ya yi, ko bai manta ba, Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne bai kira kowa ba a hanya, kuma da suka iso ƙofar gidan Goggo ya kashe wayarsa, ya ce ba ya son ta yi ƙara a gaban manya.

Baba yana falo a kan doguwar kujera, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Ya sa kayansa masu kyau, waɗanda dai ya sa waɗancan ranakun. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki. Ya amsa, ya tambaya ina abokin tafiyar tata. Ta ce yana tafe.

Aka yi la'asar. Goggo ta kawo shayi da kofuna, har da na baƙon da ake jira, ta kife shi a gefen faranti inda kowa zai gani. Injiniya ya zauna a kan darduma kusa da ƙafar Baba, yana ba shi labarin yadda ake gyaran layin dogo yanzu, Baba yana gyaɗa kai.

Auta ta zauna a bakin ƙofar falo tana kallon rana a jikin labule. Hasken ya sauko daga saman labulen zuwa tsakiyarsa. Wata mota ta tsaya a waje, kowa ya kasa kunne, sai ta wuce.

Goggo ba ta iya shiru ba. Ta ce wataƙila akuyar wani ce ta faɗa rijiya a hanya. Ta ce ita dai a zamaninsu, saurayin da aka ba rana tun hantsi yake zuwa ya tsaya a bakin titi yana jiran lokaci ya cika. Ta dubi Auta ta ce, 'yar nan, ki sha shayin mana, ba shi ya yi miki laifi ba.

"Ya isa," in ji Baba.

"Ni me na ce, Yaya? Gaskiya ce ba a so."

Auta ta sha shayin. Ya huce, ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Ta nemi haushi a ranta ta rasa, ta nemi fata ta rasa. Abin da kawai take ji shi ne ƙurar siminti a tsakanin yatsun ƙafarta.

Baba ya riƙa kawo agogo kusa da idonsa mai gani, ya mayar. Da hasken ya bar labulen gaba ɗaya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kin gani da idonki. Ban zalunce shi ba, ban zalunce ki ba. Na ba shi rana har sau biyu a garinmu, na biyo shi har garin da yake na ba shi wata. Daga yau na rufe wannan magana. Ba na ce ki so wani ba. Na ce dai wannan ya wuce."

Goggo ta sauke ajiyar zuciya. Injiniya ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Auta ta ce to, Baba.

Ta jira ta ji wani abu ya tsinke a cikinta, ba ta ji ba. Sai ta kai hannu ta dafa ƙirjinta, kamar mai son ta tabbatar ko akwai abin da ke bugawa a wurin. Yatsunta suka taɓa wani abu mai tauri a ƙarƙashin mayafi.

Ta jawo igiyar. Lambar tagulla ta fito ta kwanta a tafin hannunta.

Ta zuba mata ido. Ta ga allon katako, ta ga ƙusa ɗaya tsirara, ta ga wayarta ita kaɗai a gindin akwati. Ta ɗago ta dubi Injiniya. Shi ma lambar yake kallo, kuma fuskarsa ba ta mai mamaki ba ce.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Daidai nan wayar Baba ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

Ya ciro ya miƙa mata, ya ce ta danna masa, ta sa a lasifika, ta san kunnensa. Baƙuwar lamba ce. Ta danna.

Muryar da ta fito ta dishe, da ƙyar aka gane ta Na-Kowa ce. Bayanta ana jin hayaniya da ƙarar takalma a kan kankare.

"Baba, ni ne. Na san na saɓa, ba don wannan na kira ba. Wayar manaja ce." Ya yi tari. "Baba, Auta ba ta fito daga ramin ba. Lambarta ba ta kan allo, wayarta tana nan. Mun bi shi daga farko har ƙarshe, mun sake bi. Na shiga ƙananan bututun gefe da rarrafe, ina kiran sunanta. Ban same ta ba tukuna. Na ce bai kamata ka ji a bakin wani ba. Ni aka ba amanarsu, a hannuna ta ɓata. An tsayar da ruwan. Yanzu zan koma ciki, kuma ba zan fito ba sai da ita."

Kofin da ke hannun Goggo ya tsaya a iska.

Baba ya juyo da idonsa ɗaya ya dubi 'yarsa, ya dubi abin da ke tafin hannunta. Ya daɗe yana kallo.

"Kai yaro," ya ce. "Tsaya, kada ka koma. Tana gabana. Lafiyarta ƙalau."

Aka ji kamar wani abu ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa. Sannan aka ji numfashi, sannan kuka, irin na namijin da ya riƙe shi tun rana tana sama. Yana yi yana hamdala, kalmomin suna karyewa a bakinsa.

A nan ne ƙafar da ta daɗe a mace ta fara dawowa. Duk wanda ya taɓa zama a kan ƙafarsa ya san dawowar ta fi mutuwar zafi. Auta ta dunƙule lambar har gefenta ya shiga namanta, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna girgiza. Ta so ta ce masa ya yafe mata, ta so ta gaya masa abin da ta zauna tana zato a kansa duk yammacin nan, amma abin da ya fito kawai shi ne sunan da kowa ke kiransa da shi.

Baba ya bari suka lafa. Sannan ya gyara murya.

"To ka ji tana nan. Ka taho yanzu. Kada ka tsaya wanka, ka zo yadda kake."

Goggo ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Auta ta ɗago da jajayen idanu. Tun da take ba ta taɓa jin Baba ya buɗe maganar da ya rufe ba.

Na-Kowa ya gyara murya a wayar.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya tahowa yanzu ba."

"Me ka ce?"

"Allon bai cika ba. Manaja ba ya karɓar waya, sai ta rataye da hannunta. Ma'aikata suna tsaye tun ɗazu ba mai tafiya gida, 'yan ajinmu suna zaune a mota. Ni na sa aka tsayar da komai. In na tafi na bar su a haka, ban san da wane ido zan kalle ka ba."

Goggo ta ajiye kofin da ƙarfi. Ta ce to ga shi nan, kowa ya ji da kunnensa. An buɗe masa ƙofar da aka rufe, ya ce yana da aiki. Ta ce Yaya, in wannan bai ishe ka ba, ban san abin da zai ishe ka ba.

Auta ta gyara riƙon wayar. Ta san Goggo ba ƙarya ta yi ba. Halin nan dai shi ne, bai canza ba, ba kuma zai canza ba. Ta dubi mahaifinta tana jiran ya ce ta kashe wayar.

Baba ya bar wayar a kunne. Ya juya wajen Injiniya, wanda har yanzu yake zaune a gindin ƙafarsa.

"Kai ka fito da ita?"

"Ni ne, Baba. Na ga lokaci ne yana..."

"Ka san da allon?"

Injiniya ya ce wallahi shaf ya manta, hankalinsa yana kan kada a bar Baba yana jira.

"Ka zo a kan lokaci kam," in ji Baba. "Wannan ba mai ƙwace maka."

Ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya mayar a kai. Ya kwance agogon daga hannunsa, ya sa a aljihu. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, Goggo tana cewa likita ya hana shi shiga iska da ƙura, ina kuma za shi ga magariba ta kawo kai.

Ya ce za su yi salla a can, ai ma'aikata ma mutane ne, suna da inda suke yi.

Sannan ya sunkuya kusa da wayar da ke hannun 'yarsa, ya ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi.

"Kai yaro. Zauna inda kake, kada ka motsa. Wannan karon kai za ka jira."

Ya miƙe ya dubi Auta.

"Share fuskarki. Ki riƙe ƙarfen nan da kyau, ke kika ɗauko, ke za ki mayar, a gaban duk mutanen da kika tsayar. Miƙo min takalmina."

Ta rarrafa ta ɗauko, ta ajiye a gabansa. Yana zura ƙafa ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba.

"Injiniya, tashi ka kai mu. Amma ta ƙofar gaba."